An ce a sake wa Hajiya hoton gwiwa bayan mun yi sikanin, ina neman shawara

Baban Zara:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da dare. Shawara nake nema a kan Hajiyarmu. Shekarunta 64, kuma yau kusan shekara uku tana fama da gwiwar dama. Da farko sai ta yi doguwar tafiya take jin ta. Yanzu ko tashi daga kan tabarma sai ta dafa bango, zaman tahiyya kuwa ya gagara, miƙe ƙafar take yi. Idan tana lanƙwasa ta har ƙara kake ji, ƙurus-ƙurus, kamar ana tauna aya. Bara an yi mata hoton ƙashi a wani wuri kusa da gida, takarda ta fito an rubuta babu wata matsala. Watan jiya gwiwar ta kumbura, na kai ta wani asibitin kuɗi aka yi mata sikanin, aka ce akwai ruwa, akwai kuma wani ƙullutu a bayan gwiwar. Shekaranjiya muka samu ganin likitan ƙashi. Ya duba takardun biyu ya ture su gefe, ya murza gwiwar da hannunsa, ya ce a je a sake hoton ƙashi, kuma wai a tsaye za a yi mata. To ni abin da ban gane ba, ba sikanin ne na zamani ba? Shi da ke nuna jariri a cikin ciki har da bugun zuciyarsa, gwiwa ce za ta gagare shi? Ko dai kuɗina ake son ci sau uku?

Maman Hanif:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Halinsu ke nan wallahi, kowa na'urarsa yake so ta ci kasuwa. In ni ce ba zan sake kai ta eksire ba, an ce haskensa taruwa yake yi a jiki ya kawo ciwon daji. Ai shi ya sa ake hana mai ciki.

Kawu Direba:
Baban Zara, ka nemi wanzami ya yi mata ƙaho kawai. Sanyi ne da mataccen jini. Shekarata 30 ina taka kulocin babbar mota daga Kano zuwa Fatakwal, babu abin da gwiwar hagun nan ba ta gani ba, ƙaho ne ke riƙe da ni.

Mai Hoton Ƙashi:
Salamu alaikum. Baban Zara, kafin in ce komai ka tambayar mini Hajiya abu ɗaya: hoton bara a kwance aka yi mata ko a tsaye?

Baban Zara:
Ba sai na tambaye ta ba, ni na ɗora ta a kan teburin da hannuna. A kwance ne, rigingine.

Mai Hoton Ƙashi:
To ga inda gizo ke saƙar nan. Ka yi haƙuri zan ɗan ja zance, aikin da nake ci da shi ne.

Wannan ciwon da ake kira amosanin gaɓɓai, wanda iyayenmu ke ce wa sanyin ƙashi, tushensa cinyewar guringuntsi ne. A ƙarshen ƙashin cinya da saman ƙashin ƙwauri akwai wani farin abu mai santsi, irin wanda kake gani a kan gaɓar rago idan kana cin ganda ko ƙafa. Kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba, amma shi ke hana ƙashi gugar ƙashi. Shi guringuntsin nan ba ya fitowa a hoton eksire ko kaɗan, hasken ratsa shi yake yi ya wuce. Abin da muke gani wani baƙin fili ne tsakanin fararen ƙasusuwa biyu, kuma da faɗin filin muke gane ko guringuntsi yana nan ko ya zaizaye. To idan mutum yana kwance babu nauyi a kan gwiwa, ƙasusuwan sai su ɗan rabu, fili ya buɗe, hoto ya fito tas kamar na budurwa. Ka tsayar da ita nauyin jikinta ya sauka, sai ka ga filin ya matse, wani lokacin ma ƙashi ya zauna daram a kan ɗan'uwansa. Kamar tsohuwar katifa ce. Ka gan ta a jingine ka ce sabuwa ce, sai ka kwanta ka ji katako.

Don haka likitan nan bai ci kuɗinka ba. Hoton bara ne aka ɗauka ta yadda ba zai amsa tambayar ba. In kun je ka roƙa a ɗauki gwiwoyin biyu tare don a kwatanta, a ɗauka ta gefe, in da hali kuma a yi wanda ake lanƙwasa ƙafa a haska ƙoƙon gwiwa ta sama. Wasu ciwon nasu a bayan ƙoƙon yake, musamman masu kukan hawa bene da tsugunno.

Maman Hanif:
To maganar hasken fa, Malam? Ka tsallake ta.

Mai Hoton Ƙashi:
Ban tsallake ba Maman Hanif, yatsa ne ya gaji. Gaskiya ne hasken eksire ba abin wasa ba ne, shi ya sa ni da nake wuni da shi nake laɓewa bayan bango, kuma muke tambayar mace ko tana da juna biyu. Amma na gwiwa yana cikin mafi ƙanƙanta a duk hotunan da muke ɗauka. Abin da Hajiya za ta samu bai wuce wanda kowannenmu ke samu daga ƙasa da iska cikin yini ɗaya ko biyu yana zaune a tsakar gidansa ba. Kuma ba taruwa yake yi a jiki kamar guba ba, da an kashe na'urar babu abin da ya rage a cikin ƙafarta. Tun 1895 da wani Bajamushe mai suna Röntgen ya gano wannan hasken ake aiki da shi, an san sharrinsa an san ma'auninsa.

Likitan Karkara:
Na karanta bayanin Mai Hoto, ban da ja a kan maganar tsayuwa, gaskiya ya faɗa. Amma kada a tashi daga zauren nan da tunanin cewa sikanin ɗin da aka yi wa Hajiya asarar kuɗi ce. Gwiwa ta kumbura, an ga ruwa, an ga ƙullutu a baya. Shi wannan ƙullutun jakar ruwa ce da ke ɓullowa ta bayan gwiwa idan ruwan gaɓa ya yi yawa ya rasa wajen zuwa, a littafi sunan wani likitan tiyata na Landan aka ba ta, Baker. Ka nuna mini ita a hoton ƙashi in kai gwani ne. Kuma sanin ta yana da amfani, domin wani lokacin takan fashe, ruwan ya gangara cikin sha-raɓa, ƙafa ta kumbura ta yi zafi kamar jini ne ya daskare a jijiya. Shi kuwa daskarewar jini kisa yake yi. Abin da ke raba mana su biyun cikin minti goma shi ne sikanin.

Ba nan kaɗai ba. 'Yan tsirar ƙashin nan da ke fitowa a gefen gaɓa kamar ƙaya, sau da yawa sikanin na riga eksire ganin su tun suna ƙanana. Yana nuna ko fatar da ta lulluɓe gaɓa ta ciki ta yi kauri ta kumbura. Yana nuna ko matashin guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ya turo waje. In ka sa mutum ya naɗe gwiwa sosai, har wani ɓangare na guringuntsin ƙashin cinya za ka gani ido da ido, abin da Mai Hoto da bakinsa ya ce ba ya gani.

Mai Hoton Ƙashi:
Dakta, wani ɓangare ka ce, kuma na ji daɗi da ka faɗa da kanka. Wanne ɓangare? Na gaba, wanda ƙoƙon gwiwa ke zamewa a kai. Inda nauyi ke sauka, can tsakiyar gaɓa ta gefen ciki, inda ya fi cinyewa a wajen yawancin tsofaffinmu, sautinka ba ya isa can sosai. Baban Zara, amsar tambayarka ta jariri ke nan. Sikanin sauti ne da kunne ba ya ji, ake aikawa ya dawo kamar amsa kuwwa. A cikin ruwa yana tafiya lafiya lau, jariri kuwa a cikin ruwa yake kwance, shi ya sa yake fitowa raɗau. Da ya ci karo da ƙashi sai ya dawo, duk abin da ke bayan ƙashin duhu ne. Kamar mai leƙen gida ta kan katanga ne, zai ga shanya da kaji, ba zai ga uwar ɗaka ba.

Likitan Karkara:
Kai kuma kamar mai kallon inuwar mutum a bango ne yana ƙiyasta shekarunsa.

Admin:
Toh, manya sun haɗu. Mu dai muna ɗaukar darasi. A ci gaba cikin mutunci.

Likitan Karkara:
Wasa ne Admin, abokin aiki ne. Amma bari in faɗi abin da ya sa nake kare sikanin. A inda nake aiki, na'urar eksire ta fi wata a kwance, ko lokacin da take da lafiya sai an tayar da babban janareto, sai an sayo man. Na'urar sikanin kuwa ƙarama ce, hasken rana ma yana ɗaukar ta, saboda masu awon ciki kullum a kunne take. Tsohuwa ta zo mini daga ƙauye a kan babur da gwiwa kamar ƙwarya. In ce ta tafi birni ta yi hoto ta dawo? Ba za ta dawo ba, wajen mai ɗori za ta. Sai in shafa mata man nan mai sanyi, in ɗora kan na'urar a saman ƙoƙon gwiwa, in ga baƙin tafkin ruwa, in sa allura ina kallon tsininta a allo har ta shiga inda nake so, in zuƙo. Kalar abin da ya fito kaɗai labari ne. In ruwan ɗorawa ne garau mai yauƙi kamar ƙwai, hankalina ya ɗan kwanta. In ya fito gurɓatacce kamar ruwan kamu, ko mugunya, to ƙwayar cuta nake tsoro, wannan a ranar za a tura ta babban asibiti, ba gobe ba.

Mai Hoton Ƙashi:
Wannan ban musa ba, Allah ya saka maka. Amma Dakta, tsakaninka da Allah, wurare nawa ne masu allon "Ana Sikanin" a bakin titi suke da kan na'urar da ya dace da gaɓa? Yawancinsu mai lanƙwasar nan ta duba ciki gare su, wadda aka yi don hango abu mai zurfi. Gwiwa miƙaƙƙen kai take so, mai fitar da abin da ke kusa da fata dalla-dalla. Sannan hannu. Hoton ƙashi in na ɗauka daidai, ka kai shi asibitin Dala, ka kai shi na Shika, ka kai shi Alƙahira, kowa abu ɗaya zai gani, bayan shekara biyu a sake wani a jera su. Sikanin kuwa abin da mai riƙe da shi ya gani a lokacin shi ke nan, ɗan hoton da ake manna maka a takarda ba ya gaya wa likita na gaba komai. Mai duba ciki dare da rana ba lallai ya san gwiwa ba.

Likitan Karkara:
Nan kam ka kama ni. Ni ma sai da na je kwas na musamman, kuma har yau akwai abin da nake turawa gaba.

Anti Mai Gashin Ƙashi:
Ku gafarce ni likitoci, tun ɗazu nake karantawa ina dariya. An bar jaki ana dukan taiki. Ku sake karanta saƙon Baban Zara na farko: shekara 64, ciwo yana tashi da aiki da tafiya, gwiwa na ƙara. Ɗan'uwa, da asuba idan Hajiya ta farka gwiwar takan sandare? In tana yi, minti nawa kafin ta saki?

Baban Zara:
Na tambaye ta yanzu. Ta ce takan yi tauri, amma kafin ta gama alwala ta saki.

Anti Mai Gashin Ƙashi:
To ka ji. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, NICE, tun 2014 ta ce, ta kuma sake nanatawa a 2022: wanda ya kai shekara 45, yana jin ciwon gaɓa idan ya yi aiki da ita, kuma taurin safe babu ko bai wuce minti 30 ba, a ce yana da amosanin gaɓɓai ba tare da an yi masa hoto ba. Ba eksire, ba sikanin. A ƙasar da ke da na'urori kamar ƙasa ke nan. Mu da muke ƙirga kuɗin mota kafin mu je asibiti mu ne muka ɗauka in ba a haska mutum ba ba a duba shi ba.

Dalilinsu shi ne hoto da ciwo ba kullum suke tafiya tare ba. Ina da tsohon da hotonsa in ka gani sai ka ce keken guragu ya kawo shi, amma da ƙafarsa yake zuwa gona. Ina da matar da hotonta bai nuna wani abin kirki ba, ba ta barci saboda zugi. Kuma maganin farko iri ɗaya ne ko hoto ya nuna ko bai nuna ba: ƙarfafa naman cinya, rage ƙiba in akwai, maganin shafawa. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2005 ya nuna duk kilo ɗaya da mutum ya rage, kusan kilo huɗu ne ya sauke wa gwiwarsa a kowane taku. Ku lissafa taku nawa Hajiya ke yi daga ɗaki zuwa madafi a yini.

Maman Hanif:
To Anti, ashe maganata ta fito, likitan bai kamata ya ce a sake hoto ba.

Anti Mai Gashin Ƙashi:
A'a Maman Hanif, kada ki sa mini magana a baki. Na Hajiya daban ne. Shekara uku, abin yana ƙaruwa, ta fara kumburi, ga kuma wata takarda a hannu da ke cewa lafiya lau alhali hannun likita ya ji ba haka ba. Likitan ƙashi yana so ya san iya ɓarnar, ko ƙafar ta fara lanƙwashewa kamar baka, ko lokacin maganar tiyata ya kusa. Babu likitan da zai canza wa mutum gwiwa da takardar sikanin. Wannan aikin hoton tsaye ne. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da hoto kamar shi ne maganin.

Ɗalibar Likita:
Assalamu alaikum, ina aji huɗu, ku yi mini afuwa in na yi katsalandan a gaban malamaina. An koya mana matakan Kellgren da Lawrence, likitoci biyu na Manchesta da suka fitar da su a 1957, daga 0 zuwa 4. Na 2 shi ne tsirar ƙashi ta fito sarai, na 3 fili ya matse a bayyane, na 4 fili ya kusa ƙarewa ko ya ƙare, ƙashi ya yi tauri ya canza siffa. Tambayata: abin da aka tsara kusan shekara 70 da suka wuce, me ya sa har yanzu ba a maye gurbinsa da na sikanin ba?

Mai Hoton Ƙashi:
Da tsohuwar zuma ake magani, 'yata.

Likitan Karkara:
Ƙanwata, amsar da ta fi wannan tsawo ita ce: akwai ma'aunan sikanin da masu bincike suka tsara, amma ba su zama yaren da kowa ke ji ba. In na rubuta "mataki na 3" likitan Kano da na Yamai da na Landan duk sun san abin da nake nufi. Ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Turai ma a shawarwarinta na 2017 cewa ta yi in alamomi sun fito sak ba a buƙatar hoto, in kuma ana buƙata a fara da eksire, sai in ana neman abin da ke cikin nama ne a koma sikanin ko MRI, wato hoton babbar na'urar nan da ake shigar da mutum cikinta. Amma ki riƙe wannan don ranar da za ki fara zama a ɗakin duba marasa lafiya: kafin mataki na 2 ya bayyana a hoto, ciwon ya daɗe da farawa. Kuma ki riƙa duba ƙugu. Ciwon ƙugu yakan sauko ya ɓuya a gwiwa, musamman ga yara da masu sikila, a yi ta haska gwiwa ba a ga komai ba.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan "radiyo" muke ce ma hoton ƙashi, sikanin kuwa "eko". Da na ji kuna ta sikanin sikanin sai da na tambayi yarona. Tsohona ma haka ya yi fama, sai da aka yi mishi radiyo a tsaye a gidan likita na Zinder aka gane. Abin da ya fi taimakon shi dai kujerar salla da muka saya, don da farko ƙi ya yi, wai kunya yake ji a sahu.

Malam Na Sahun Gaba:
Babu abin kunya. Hadisin Imrana bin Husaini yana cikin Bukhari: ka yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka. Sai dai a lura, wanda zai iya tsayuwa da ruku'u sujada ce kawai ta gagare shi, ya yi abin da zai iya, ya zauna a inda ya kasa. Allah ya ba iyayenmu lafiya.

Hajiyar Zangon Kumasi:
Amin Malam. Ni duk wannan gardamar ta wuce ni, ɗana ya biya aka yi mini MRI gaba ɗaya. An ce guringuntsin tsakiya ya yage. Tun ranar ko kasuwa tsoron zuwa nake yi kada ya ƙarasa.

Anti Mai Gashin Ƙashi:
Hajiya, faɗuwa kika yi ko murɗewa? Gwiwar tana sarƙewa ta ƙi miƙewa?

Hajiyar Zangon Kumasi:
Ko ɗaya. Ciwo ne dai a hankali a hankali.

Anti Mai Gashin Ƙashi:
To ki koma wajen likitanki ki tambaye shi ko irin yagewar shekaru ce. A garin Framingham na Amurka an taɓa yi wa manya kusan dubu MRI na gwiwa, ba don sun zo da kuka ba, aka buga sakamakon a 2008. An samu wannan yagewar a jikin mutane da yawa, kuma kusan 6 cikin 10 na masu ita ba su ji ciwon komai ba a watan da ya gabata. Kamar furfura ce ta cikin gwiwa. Zaman da kike yi shi zai narkar da naman cinyarki, gwiwar ta rasa mai tallafa mata. Wannan shi ne sharrin na'ura mai gani da yawa, tana nuna maka abin da zai hana ka barci ba tare da ya canza maganinka ba.

Kawu Direba:
Ni dai an share maganata ta ƙaho. Kuma akwai wani haɗi da wani mai kemis yake ba ni a tasha, ƙwaya biyar a leda, in na sha ko ƙwallo sai in buga.

Likitan Karkara:
Kawu, ba a share ka ba, kai ne ma ka fi ba ni tsoro a zauren nan. Ƙaho a bayan wuya tsakaninka da wanzaminka ne, amma tsaga a kan gwiwar da ke da ruwa, don Allah a'a. Tsakanin fata da cikin gaɓa ba nisa, in ƙwayar cuta ta shiga cikin kwanaki take cinye abin da amosani zai yi shekara ashirin bai cinye ba. Shi kuma haɗin leda, yawanci za ka tarar da diclofenac ko piroxicam a ciki, an haɗa da dexamethasone ko prednisolone. Dole ka ji garau. Amma su ne ke huda ciki, su taɓa ƙoda, su tayar da hawan jini da suga, fuska ta yi ta cika mutum yana murna ya yi ƙiba. Ka kawo ledar a duba maka, a kuma auna jininka.

Tunda an zo nan, jama'a ku riƙe alamomin da ba a jira da su: gwiwa ta kumbura farat ɗaya ta yi zafi jau da zazzaɓi, mutum ya kasa taka ta, ciwon da ke tashin mutum cikin dare yana ramewa, taurin safe da ke kai awa guda tare da kumburin yatsu. Waɗannan ba amosanin tsufa ba ne har sai an tabbatar. Tarin fuka ma yana kama gwiwa, mun sha gani.

Kawu Direba:
To Dakta, na ji. Amma wanzamin nawa tsaftarsa ta fi ta wasu asibitocin.

Admin:
Kawu, a bar shi haka. Baban Zara, muna jiran labari.

Baban Zara:
Salamu alaikum, ku yi haƙuri kwana biyu shiru, sai yau muka koma. An yi hoton a tsaye, gwiwa biyu tare kamar yadda Mai Hoto ya ce. Sai da na tsaya a kansa, don yaron da ke wajen har ya fara gyara mata tebur. Wallahi ni da ban san komai ba da likita ya ɗaga hoton ya jera shi da na bara sai da na ce innalillahi. Ta gefen ciki filin ya kusa rufewa, ta waje kuwa yana nan da faɗinsa. Ya ce mataki na 3 ne. Abin mamaki, ta hagun da ba ta taɓa kuka da ita ba ita ma ya ce ta fara. Ya karɓi takardar sikanin ɗin ma ya sa a fayil, ya ce ƙullutun a bar shi, in ruwan gaɓa ya ragu shi ma zai sace. Ba maganar tiyata yanzu. Ya rubuta maganin shafawa, ya tura mu gashin ƙashi, ya ce allurar cikin gwiwa sai in ta kama dole saboda tana da suga, kuma sauƙinta na 'yan makonni ne. Ya ce ta riƙa riƙe sanda a hannun hagu. A nan aka yi daru, Hajiya ta ce ita ba ta tsufa ba, kuma ai ƙafar dama ce ke ciwo, me ya kai sanda hagu.

Anti Mai Gashin Ƙashi:
Hagun ne daidai, ka gaya mata sanda da ƙafa mai ciwo tare suke sauka ƙasa su raba nauyi. In ta ƙi sanda a gaban kishiyoyi, a fara da lema mai ƙarfi. Banɗakin gidan na tsugunno ne?

Baban Zara:
Na tsugunno ne Anti.

Kawu Direba:
Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Anti Mai Gashin Ƙashi:
Kawu ka ji da ledarka. Baban Zara, kafin ka tara kuɗin canza masai, ka sa kafinta ya huda kujerar katako mai hannu a ɗora a kan ramin, tsayinta ya kai gwiwar Hajiya ko ya ɗan fi. Ka auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwarta tana tsaye da takalmin da take shiga da shi, ka kai masa awon.